Kwalbar Khal Ba Daddawa Ba Ce

Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo mana asibiti da yaro goye, wani kuma tana janye da shi a hannu, duka biyun idanu sun faɗa. Amai da gudawa tun asuba. Ita kanta da ƙyar take tsayuwa, sai dai uwa ba ta kwanciya alhali 'ya'ya na kwance. Na tambaye ta abin da suka ci jiya. Shinkafa da wake, in ji ta, da mai da yaji. Sai me? Ta yi jim, can ta ce, "Sai ɗan kokwambar nan da na jiƙa a kwalba." Yaushe kika jiƙa? Mako uku ke nan. Ina kike ajiyewa? "A firij mana, Anti." Kuna da wuta? Nan ta sunkuyar da kai. Taransifomar unguwarsu ta ƙone, ranar kwana tara.

Firij ɗin da ya kwana tara babu wuta ai kabad ne. Kabad ma ya fi shi, don shi ko ba komai iska na ratsa shi.

Ba ita ce ta farko ba tun da zafin nan ya shigo, kuma na san ba ita ce ta ƙarshe ba, shi ya sa na ce bari in yi magana a fili. Wannan yayi na jiƙa kayan lambu a ruwan khal (binega), wanda 'yan mata ke kira pikul, ya shiga gidajenmu. Wasu a waya suka gani, wasu a Saudiyya suka ɗanɗana shi a gefen shawarma, inda ake ce masa mukhallal, suka dawo da sha'awarsa. Kokwamba, karas, albasa, kabeji, attaruhu, a yanka a jera a kwalba, ja da kore da ruwan lemo, gwanin kyau. Ni ban ƙi shi ba. Ina yi a gidana, kuma yarona da ba ya kallon karas a miya yana cinye shi idan ya fito daga kwalba. Duk abin da zai sa yaro ya ci kayan lambu ina maraba da shi. Abu ɗaya ne ke ƙona mini rai: ajiye shi ba sanyi.

Kalmar da na gaji da ji ita ce, "Ai da tsami, ba ya lalacewa." Wa ya gaya miki? Fura da nono ma da tsami, ki bar ta kwana uku a ɗaki ki gani.

Na san inda ruɗanin ya samo asali, kuma ban ga laifin kowa a kai ba. Mun tashi mun ga iyayenmu mata suna adana abinci ba firij ba wuta. Kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, barkono, kilishi. A shanya, a daka, a ƙulle a ƙwarya ko a tulu, a shekara ana ci. Saboda haka da an ce mana ga wata hanyar adana kayan lambu, sai zuciya ta ɗauka irin waccan ce. To duk waɗancan rana ce ta tsotse ruwansu, shi ya sa suka daɗe. Kwalbarki kuwa cike take da ruwa, kuma ɗanyen abu ne a ciki. Turawan da suka yaɗa wannan salon ma a cikin sunansa suka sa kalmar firij, don a garuruwansu wuta ba ta ƙiftawa. Mu muka ɗauki kwalbar muka bar sharaɗin.

Wata ta ce da ni, "To Anti, na kanti fa? Ai a kan kanta nake ganinsu a jere, babu firij." Gaskiya ne. Waɗancan a masana'anta aka auna tsaminsu da na'ura, aka dafa kwalbar da abin da ke ciki bayan an rufe, murfin ya kame gam. Shi ya sa kike jin "fat" idan kin buɗe. Kuma ki juya kwalbar ki karanta bayanta, za ki ga an rubuta a sa a firij bayan an buɗe. Su da na'ura ma ke nan. Ke da kika zuba a tsohuwar kwalbar bama kika murɗa murfi da hannu, me zai sa taki ta fi tasu juriya?

Abu biyu ke tsare wannan abincin, tsami da sanyi. Kamar ƙafafu biyu ne. Sanyin da ake nufi shi ne digiri 5 zuwa ƙasa. Daga nan har zuwa digiri 60 ƙwayoyin cuta hayayyafa suke yi son ransu, kuma kun fi ni sanin yadda kicin yake a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Firij idan aka ɗauke wuta yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu, shi ma idan ba a buɗe shi ba. A wane gida ne ba a buɗewa? Wannan ya zo neman ruwan sanyi, wancan ya zo duba ko ƙanƙara ta narke, autan gida ya buɗe don kawai ya leƙa.

Sai kuma a je a karya ɗaya ƙafar. Khal ya yi tsada, ko maigida ya ce tsamin ya yi yawa, sai a ninka ruwa, kofi ɗaya na khal a kofi huɗu na ruwa, a ƙara sukari don daɗi. Wata ma matse lemon tsami biyu take yi a ruwa ta ce ai duk tsami ne. Wata idan ruwan kwalbar ya ja baya sai ta cika da na famfo ta ƙara sabuwar kokwamba a kan tsohuwa, wata guda ana tafiya a haka kamar tukunyar tsimi. To tsami ya yi rauni, sanyi babu. Me ya rage? Kokwamba ce kawai a ruwan ɗumi cikin rufaffiyar kwalba. Haba jama'a. Da a buɗaɗɗen kwano kika gan ta haka, ko almajiri ba za ki ba ba, amma da yake kwalba ce mai kyalli sai ki zuba wa ɗanki.

Ku yi haƙuri idan harshena ya yi kaifi. Ni nake neman jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ni nake ganin uwar tana kuka tana cewa da ta sani. Kuma galibi matan nan masu tsafta ne, masu son iyalinsu, irin waɗanda ke tashi su koyi sabon abu don su faranta wa gida. Ƙazama ba ta ma damu da yanka karas siri-siri ba. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Babba zai yi murɗar ciki kwana biyu ya miƙe. Yaro, da mai ciki, da tsoho, da mai ciwon suga, su ne ke jin jiki.

Akwai wanda ya fi gudawa ban tsoro, kuma dole in faɗe shi ko da bai cika faruwa ba. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana zuwa manne da tafarnuwa da karas da duk abin da aka tono. Ba ta son iska, ba ta son tsami mai ƙarfi, ba ta son sanyi. Ki rufe ta a kwalba, ki rage khal, ki ajiye a ɗumi, kin gina mata ɗaki. Dafin da take fitarwa shanye jiki yake yi, likitoci na kiran ciwon botulizim. Masu zuba mai a kwalbar, musamman masu niƙa tafarnuwa da attaruhu su tsiyaya man gyaɗa a kai su ajiye a kan kanta, da ku nake. A 1985 a birnin Bankuba na Kanada mutum sama da 30 suka kamu daga yankakkiyar tafarnuwa da aka jiƙa a mai aka bari ba sanyi. Tafarnuwa a mai, ko a firij mai wuta, kada ta wuce kwana huɗu. Kuma wannan dafin ba lallai ya yi wari ba, ba lallai ya canza launi ba. Saboda haka dabarar nan ta buɗewa a shinshina a ce "lafiyarsa ƙalau", ko a lasa a ji, ku bar ta. Duk wanda ya ci irin wannan abu, washegari ko jibi ya fara ganin abu bibbiyu, fatar ido ta sauko, magana ta karye, haɗiya ta gagara, a kai shi babban asibiti nan take. Kada a tsaya cewa iska ce ko sammu, numfashi ne ke gaba.

Masu sana'a kuma, 'yan'uwana masu tallatawa a WhatsApp, Allah ya sa albarka a nema. Amma kwalbar da kika haɗa Litinin, ta zauna a falo ana ɗaukar ta hoto har Alhamis, sannan ɗan sahu ya yi yawo da ita a rana rabin yini kafin ta isa, mai saye kuma ba ki gaya mata komai ba, wannan amana ce kika ɗauka. Ki rubuta ranar da kika haɗa. Ki rubuta a sa a firij. Ki tambaye ta ko suna da wuta. Idan ta ce babu, ki sayar mata ƙaramar da za su cinye a ranar.

Ga yadda ake yi, a gurguje, don layi na jira na:

Khal mai kashi 5 cikin 100, a duba a jikin kwalbar, a duba lambar NAFDAC. Wanda aka ɗura a gorar ruwa ba rubutu, a bar shi.

Kofi ɗaya khal, kofi ɗaya ruwa. Khal na iya fin ruwa, ruwa ba ya fin khal. Cokali ɗaya na gishiri. Idan tsamin ya dame ki ƙara sukari, kada ki ƙara ruwa.

A wanke hannu da sabulu, a wanke kayan lambun da ruwa mai tsafta sosai, kun san irin ruwan da ake ban-ruwa da shi a wasu lambunan. Mai tabo ko wanda ya fara laushi a cire.

Kwalbar gilashi, a wanke a ɗauraye da tafasasshen ruwa, har murfin. Kada a dafa khal a tukunyar alminiyom, yana cin ta.

A tafasa ruwan, a zuba har ya shanye kan komai. Kanumfari, masoro, citta, duk a sa. Mai kam a'a.

Ya huce, a rufe, a sa a firij kafin awa biyu. A manna takarda da kwanan wata. Ni mako biyu nake ba shi, ko da wuta tsaye.

Cokali mai tsafta busasshe ake ɗiba da shi, ban da hannu, ban da cokalin da ya shiga baki. A ɗiba a mayar, kada ya zauna a tabarma har a gama hira.

Ruwan tsohuwar kwalba ba ya karɓar sabon kaya.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan. An ɗauke wuta, awa huɗu ta wuce ba a dawo da ita ba, ki sayi ƙanƙara ki sa kwalbar a kula, ko ki aika gidan maƙwabciya mai sola. Idan ta yini ta kwana a ɗumi, zubarwa za ki yi. Na san za ki ce asara. Ki lissafa kuɗin kokwamba uku da rabin kwalbar khal, sannan ki lissafa kuɗin ledar ƙarin ruwa ɗaya da allura da kuɗin mota. Idan kika ga murfi ya kumbura, ko kumfa na tashi, ko ruwan ya yi yauƙi, ko fumfuna ta fito a sama, kada ki kwashe saman ki ci ƙasan. Kuma kada ki zuba wa kaji.

Wadda ta san unguwarsu wuta sai an ga dama, wallahi ba dole ba ne ki yi babbar kwalba. Yanka albasa da kokwamba da safe, zuba khal da gishiri a ɗan kwano, rufe, a ci da rana, a ƙarasa da dare, a wanke kwanon. Ɗanɗanon yana nan, ƙarau-ƙarau ɗin ma ya fi. Ni kaina haka nake yi daga Maris har ruwa ya sauka, duk da ina da firij, don ban yarda da wutarmu ba.

Idan kuma ƙaddara ta riga fata, yaro ya fara gudawa, a fara ba shi ORS tun a gida, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. In babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya, a shafe kan cokalin kada a tula. Kaɗan-kaɗan, ko yana amai a jira minti goma a ci gaba. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. A zo a karɓi zinc, a sha kwana goma zuwa sha huɗu ko da gudawar ta tsaya. Kada a je kemis a haɗo masa maganin tsayar da gudawa. Da kin ga jini a bayan gida, ko ya ƙi sha, ko fitsari ya ɗauke, ko ya yi laƙwas, ki ɗauko shi ko tsakar dare ne.

Yaran baiwar Allahn nan sun warware, alhamdu lillahi, ƙaramin sai da ya sha leda biyu. Da za su tafi ta ja ni gefe ta ce akwai sauran kwalba biyu a gida, ɗaya ma ba a taɓa buɗe ta ba, ko wannan za ta iya bari? Na ce ta je ta zubar da duka biyun a masai, ta wanke kwalaben da ruwan zafi, idan an gyara musu taransifoma ta zo in rubuta mata awon a takarda.