Kan harsashi mai fenti: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

A nan Amurka duk wanda ya shiga gasar harbi da fistol, irin ta USPSA ko IDPA, ba ya daɗewa yake gane cewa kuɗin harsashi ne ke cin aljihu ba kuɗin bindiga ba, domin a gasa ɗaya ta ranar Asabar mutum zai harba ɗari da wani abu, ga na atisaye a tsakiyar mako. Shi ya sa da an tashi za ka ga manyan mutane sun sunkuya suna tsintar kwanso a ƙasa kamar masu kalar gyaɗa. Ni ma ina cikinsu, kuma 'yan'uwa da ke nan sun sha tambayata kan waɗannan kawunan harsashi masu launi, shuɗi da ja da baƙi, da suke gani a teburina. Ga abin da nake gaya musu.

Wai me ake nufi da sake ɗura harsashi, kuma doka ta yarda?

Abu huɗu ne ke haɗuwa su zama harsashi: kwanson tagulla, da ɗan maɓallin da ke gindinsa mai tada wuta wanda ake kira furaima, da albarushi, sai kan da ke fita ya tafi. In an harba, uku sun gama aikinsu kwanso ya rage, kuma shi ana iya wanke shi a mayar masa da girmansa a injin matsi a sake cika shi sau da yawa kafin bakinsa ya tsage. A dokar tarayyar Amurka wanda ke ɗurawa don kansa ba ya buƙatar lasisi, mai ɗurawa ya sayar shi ne ke buƙata, kuma jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. A gida Najeriya kam dokar makamai ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi da kansa, don haka duk bayanin nan na inda aka halatta abin ne.

To mene ne mai fentin, me ya raba shi da sauran?

Cikinsa dalma ce zalla da aka zuba a mazubi, an ɗan haɗa ta da wasu ƙarafa don ta yi tauri, sannan aka lulluɓe ta da wani siririn fenti na roba aka gasa shi har ya kama jikinta. A da dalmar tsirara ake ɗurawa, da ɗan kwari a kugunta da ake cusa wa man kakin zuma ko makamancinsa, shi ne ke hana ta goguwa a cikin bututun bindiga amma fa hayaƙi kamar an kunna murhu da ɗanyen itace, ga maiƙo a hannu da jikin inji. Akwai mai rigar jan ƙarfe, shi ne irin na kamfani da kowa ya sani, ya fi kowanne tsada. Akwai kuma wanda ake shafa wa jan ƙarfe siriri da lantarki, kamar na kamfanin Berry's.

Fentin iri biyu ne aka fi gani. Akwai Hi-Tek wanda daga Ostireliya ya fito, ruwa-ruwa ake shafa shi a gasa, a sake shafawa a sake gasawa, kamfanoni irin su Missouri Bullet Company suna amfani da shi. Sai hodar fentin ƙarfe irin wadda ake yi wa ƙafar mota da kujerun ƙarfe, masu zuba dalma a gida su suka fi son ta, su girgiza kawunan a roba da hodar su jera a tire su gasa a ɗan oben wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius na kamar minti 20. Wasu kamfanonin kuma kamar The Blue Bullets suna da haɗinsu na kansu. Har Federal ta fito da nata mai jan fenti, Syntech, a 2016, wanda ake saya a ɗure.

Me ya sa mutane suka koma masa?

Kuɗi ne na farko, ya fi mai rigar jan ƙarfe araha kuma in kana harba dubbai a shekara bambancin ba ƙarami ba ne. Sannan hannunka ba ya taɓa dalma kai tsaye, hayaƙi ya ragu sosai, inji ba ya cika da maiƙo. Yana da ɗan wari kamar na waya da ta ƙone, wannan kam akwai shi.

Wane kauri zan saya? Na ga 0.355 da 0.356 har da 0.357 duk na 9mm.

Nan ne maganar take, ɗan'uwa, kuma nan ne mutane ke wucewa da sauri su tsaya zaɓen launi. Mai rigar jan ƙarfe na 9mm kaurinsa inci 0.355 ne. Dalma kuwa, da fenti ko babu, ana so ta ɗara faɗin cikin bututu da kashi ɗaya cikin dubu na inci, shi ya sa 0.356 ne aka fi sayarwa. Haka abin yake a sauran nau'o'in harsashi, .45 ACP mai riga 0.451 ne na dalma 0.452, .38 Special mai riga 0.357 na dalma 0.358, .40 kuma 0.400 da 0.401.

Dalilin shi ne, lokacin da albarushi ya kama, iska mai tsananin zafi ce ke turo kan daga baya, in kan ya cika bututun ya toshe ko'ina sai iskar ta tsaya a bayansa tana turawa, amma in akwai 'yar kafa ko da ido ba ya gani sai ta kurɗa ta gefe tana yankar fentin da dalmar kamar wutar walda, ta watsa su a bangon bututu, na biyu ya zo ya bi ta kai, na uku ma haka, kafin ka harba hamsin sai ka leƙa ka ga layi-layi na toka-toka kuma harbinka ya fara watsewa, wani lokaci ma ka ga ramin da ke jikin takarda ya yi tsawo saboda kan ya shiga a karkace. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ce dalmar ce ba ta da tauri, su je su sayo mai tauri, abin ya ƙara lalacewa, domin mai taushi aƙalla tana buɗewa ta cike kafar in an buge ta daga baya, mai tauri kuwa ba ta yi. Dalma zalla taurinta wajen 5 ne a ma'aunin Brinell, na kasuwa galibi tsakanin 12 da 18 suke, kuma ga saurin fistol na yau da kullum duk sun wadatar matuƙar kaurin ya dace.

Ba duk bututun 9mm ne daidai ba, wasu sun fi wasu faɗi. Hanyar sani ita ce a sauke bututun daga bindiga, a shafa masa mai, a tura 'yar dunƙulen dalma mai taushi ta ciki da sandar tagulla a hankali har ta fita ɗaya gefen, sai a auna ta. Ga mai libarba kuma, wato fistol mai silinda da ke juyawa, bakin ramukan silinda ake dubawa, don ta nan kan zai fara bi. In ba ka da kayan awon, yawancin kamfanonin suna sayar da ɗan ƙunshi na gwaji, ka sayi 0.356 da 0.357 kaɗan-kaɗan ka ga wanda bindigarka ta karɓa kafin ka sayi kwali na dubu uku.

Nauyi da siffa fa?

Ana auna nauyin da giren, 124 ya kai kusan giram 8. A 9mm za ka ga 115 da 124 ko 125 da 135 da 147. 'Yan gasa suna da wani lissafi, a ninka nauyi da saurin ƙafa a daƙiƙa a raba da 1000, kuma dole ya kai 125 a ƙaramin aji. Wato mai 147 yana buƙatar saurin kusan 850, mai 124 kuwa sai ya ɗan haura 1000. Shi ya sa da yawa ke son mai nauyi, bindiga na turo hannu a hankali maimakon ta fizge. Ni 135 na fi so, amma wannan son rai ne.

Siffa kuma ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai zagayayyen kai ya fi shiga ba gardama. Wasu kawunan suna da faɗin kafaɗa, in bindigarka irin CZ ce mai gajeren maƙogwaro, wato ɗan filin da ke gaban mazaunin harsashi, sai kafaɗar ta taɓa zanen cikin bututu mai sa kan ya juya tun kafin harsashin ya zauna. Ka haɗa guda ɗaya ba albarushi ba furaima, ka saki shi cikin bututun da ka cire, ya kamata ya faɗa da kansa ka ji ƙarar tagulla, ya juya da yatsa, in ka kifa ya faɗo. In bai yi ba sai an ƙara nutsa kan, kuma nutsawa na rage fili a cikin kwanso, wanda ke ɗaga matsi, kwanson 9mm kuwa ɗan ƙarami ne ba ya yafiya a nan.

Yaya zan gane fentin mai kyau ne?

Gwaji biyu, duk a gida. Ka ɗauki guda ka ɗora a kan ƙarfe ko siminti ka maka masa guduma har ya baje, fenti mai kyau zai baje tare da dalmar yana manne, in ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa bai kama ba. Na biyu ka jiƙa farin tsumma da asiton, irin ruwan da ake goge fentin farce, ka goga kamar rabin minti. In launi ya zubo a tsumman sosai bai gasu ba.

Na sayi mai kyau, kauri ma daidai, amma bututu na ta cika da dalma. Me ke faruwa?

Wannan ya same ni a farkon farawa kuma ya ci mini rai ƙwarai. Na sha gogar bututu da daddare har na yanke shawarar kamfanin ne ya cuce ni, sai wani dattijo da muke harbi tare ya ce in kawo masa guda biyar cikin waɗanda na ɗura. Ya sa ɗaya a gudumar roba ta cire kai ya buga a ƙasa, kan ya fito, ya riƙe shi a hasken rana ya nuna mini da farcensa, zobe guda a kugunsa inda fentin ya yanke dalma na ƙyalli, sannan ya shafa bakin wani kwanson ya nuna mini ɗan siririn shuɗin zare da ya naɗe a wurin. Ni ne nake kankare fentin da hannuna. Ban buɗe bakin kwanso yadda ya kamata ba kafin in ɗora kan, sannan na matse bakin fiye da kima bayan ya zauna.

To ka buɗe bakin ya fi yadda kake yi wa mai rigar jan ƙarfe, har kan ya zauna da kansa a tsaye. Matsewar ƙarshe kuma aikinta kawai ta mayar da bakin ya miƙe, ba ta ciji kan ba, kuma ya fi kyau zaunarwa da matsewa su zama mataki biyu daban. Ka cire guda ka auna gindinsa, in ka sa 0.356 ya fito 0.354 to wani abu a injinka na matse shi, kuɗin da ka kashe wajen zaɓen kauri ya tafi a banza kenan.

Albarushi nawa zan zuba?

Wannan ba zan ba ka lamba ba, kuma dan Allah kar ka karɓa daga bakin kowa a filin harbi. Ka duba littafin Lyman na kawunan dalma ko jadawalin kamfanin albarushin kamar Hodgdon, ka nemi layin dalma mai nauyin naka, ba layin mai rigar jan ƙarfe ba, ka fara daga mafi ƙanƙanta ka riƙa hawa a hankali kana auna sauri. Iyakar matsin 9mm da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta gindaya shi ne 35,000 a ma'aunin matsi na psi, kuma albarushin fistol ɗan kaɗan ake zubawa, wasu irin ma ninki biyu zai shiga kwanso ba ka lura ba. Ka leƙa kowane kwanso da idonka kafin ka ɗora kai, ka ajiye waya a wani ɗaki.

An ce bindigar Glock ba ta son dalma.

Zanen cikin bututunta ba mai kaifi ba ne irin na sauran, kuma kamfanin da kansa ya ce kada a sa mata harsashin da aka sake ɗurawa. 'Yan gasa da yawa suna harba mai fenti a cikinta ba matsala, wasu kuma su sayi wani bututun daban don hankalinsu ya kwanta. In za ka gwada ka riƙa leƙa bututun bayan kowane ashirin ko talatin a ranar farko. Masu bindigar da aka ɗaura wa abin rage tsalle a baki su kam gara su tsaya kan mai riga, don datti na taruwa a ramukan.

Gaskiya ne fentin na sa harsashi ya huda rigar sulke?

A'a. Wannan tsohon zance ne tun kan wasu harsasai na kamfanin KTW masu rufin Teflon, alhali abin da ke sa su huda shi ne ƙarfe mai tauri da ke cikinsu, kuma dokar da Amurka ta yi a 1986 a kan ƙarfen cikin ta yi magana. Dalma mai fenti in ta bugi farantin ƙarfe na atisaye tarwatsewa take yi.

Tunda an rufe dalmar, ke nan ba sauran damuwar guba?

Ta ragu amma ba ta ƙare ba, kuma wannan ina so ka ji shi da kyau musamman in kana da yara a gida. Yawancin furaima akwai sinadarin dalma a cikinsu, shi ne ke tashi a iska in an harba ya kuma zauna a cikin kwanso, don haka ƙurar da ke tashi wajen tsabtace tsofaffin kwansuna ita ma da dalma. Ni da ruwa nake wanke nawa a gareji, ba na ci ba na sha a teburin, ina wanke hannu da sabulu kafin in taɓa ƙofar falo, kayan da na je filin harbi da su kuma ba a haɗa su da na yara a wanki. Oben ɗin da aka gasa kawuna a ciki ba a sake sa abinci a cikinsa har abada. In kana yawan harbi a rufaffen ɗaki ka ce wa likitanka ya riƙa auna maka dalma a jini, ni sau ɗaya nake yi a shekara.