Ma'aunin Tasirin Mujalla: Me Lambar Nan Take Aunawa?

Ɗan yayata ya same ni a fada bayan la'asar, shayi na biyu yana kan wuta, ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba mini wannan." Saƙon imel ne daga wata mujalla da ban taɓa jin sunanta ba. Sun yaba iliminsa har yabon ya yi yawa, sun ce in ya aiko da maƙalarsa za su buga ta cikin kwana biyar, a kan dalar Amurka 150, wato wajen jika 90. A ƙarƙashin sunan mujallar an rubuta wata lamba da manyan baƙaƙe: 7.842. Yaron yana koyarwa a jami'a, yana haɗa takardun neman ƙarin girma, lambar nan kuwa ita ta ja hankalinsa.

Abokan aikinsa a nan Maraɗi suna kiran abin da sunansa na Faransanci, facteur d'impact. In ka tsallaka Jibiya ka shiga Katsina ko Kano sai ka ji ana cewa impact factor. Mu kira shi ma'aunin tasirin mujalla, ko da yake kalmar tasiri ta fi ƙarfin abin da yake aunawa.

Tushen maganar shi ne ambato. Duk mai bincike in ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya kafa hujja da su, kamar yadda malamin zaure ba ya yanke hukunci sai ya ce wane ya faɗa a littafi kaza. Kowane aiki da ya shiga jerin nan ya samu ambato ɗaya. Ana tara waɗannan a ƙirga, kuma lissafin bai fi na ɗan firamare ba. A ce wata mujalla ta buga maƙala 40 a 2022, ta buga 60 a 2023, jimla 100. Cikin 2024 wasu marubuta suka ambaci waɗannan maƙalu sau 250. A raba 250 gida 100, ya zama 2.5. Ma'aunin tasirin mujallar na 2024 ke nan, kuma sanarwarsa sai cikin watan Yuni na shekara mai biye, wato 2025. Kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi, a rahotonsa na shekara-shekara mai suna Journal Citation Reports, daga mujallun da ke cikin rumbunsa na Web of Science kaɗai.

Wanda ya kawo dabarar wani Ba'amurke ne, Eugene Garfield. A 1955 ya yi rubutu a mujallar Science yana ba da shawarar a riƙa bin sawun wa ya ambaci wa. Ya kafa cibiya a Filadelfiya, shi da abokin aikinsa Irving Sher suka tsara lissafin a farkon shekarun 1960, rahoton shekara-shekara kuma ya fara fita a 1975. Matsalar da suke son warwarewa ta masu ɗakin karatu ce da masu haɗa fihirisa: mujallu sun yi yawa, kuɗi kaɗan ne, wacce za a saya, wacce za a bari? Ƙirga ambato tsurarsa zai fifita mujalla mai buga maƙala dubu a kan mai buga hamsin, shi ya sa aka kawo rabawa. Kayan aikin mai sayen mujalla ne. Daga baya hukumomin jami'o'i suka ɗauke shi suka fara auna mutane da shi, abin da Garfield da kansa ya sha gargaɗi a kai kafin rasuwarsa a 2017.

Dalilin gargaɗin yana cikin lissafin. Lambar matsakaici ce, matsakaici kuwa yana da wata ɗabi'a da kowane ɗan Maraɗi zai gane. Mu goma ne a fada, kowa da jika biyu a aljihu. Sai ga ɗaya daga cikin Alhazan gari ya tsaya gaisawa, da miliyan 10 a jakarsa. Nan take matsakaicin abin da ke hannun kowannenmu ya haura jika 900, alhali kuɗin sukari har yanzu karo-karo muke yi. Haka ambato yake a kowace mujalla: ƴan maƙalu kaɗan ke kwashe mafi yawansa, sauran suna zaune a inuwarsu. Mujallar Nature da bakinta ta faɗa a 2005 cewa kashi 89 cikin ɗari na ambaton da ya ba ta lambarta ya fito ne daga kashi ɗaya cikin huɗu na maƙalunta. Akwai ma wanda ya fi wannan. Wata mujallar masu nazarin tsarin lu'ulu'u, Acta Crystallographica Section A, lambarta tana wajen 2 a 2008, sai ta tashi kusan 50 a 2009, ta wuce Nature. Maƙala guda ce ta yi wannan aiki, wadda George Sheldrick ya rubuta a kan wata manhajar kwamfuta da duk ƴan fannin ke amfani da ita, kowa ya yi aiki da manhajar sai ya ambace ta. Da shekara biyun suka wuce, lambar ta sauko ta koma gidanta na tsamiya. Sauran marubutan mujallar ba su ƙara ilimi a 2009 ba, ba su kuma rage daga baya ba.

Shi kansa ambaton ba kullum yabo ba ne. Maƙalar nan ta 1998 da ta fito a The Lancet tana danganta wata allurar rigakafi da lalurar galahanga, wadda aka janye a 2010, an ambace ta ba adadi, akasari don a ƙaryata ta. Na'ura ba ta san bambancin "kamar yadda wane ya tabbatar" da "saɓanin kuskuren da wane ya yi" ba.

Sai batun shekara biyu, kuma nan ne abin ya fi taɓa mu. A fannin likitanci da nazarin ƙwayoyin halitta bincike yana gudu, masu yin sa dubbai ne, kowace maƙala tana jera ayyuka da dama. Wata mujallar ciwon daji ta Amurka, CA, ta haura 500 a lambar 2020. Mujallar lissafi mai daraja kuwa tana iya tsayawa ƙasa da 2, don masu lissafi ba sa yawan jera sunaye, kuma aikinsu yakan ɗauki shekaru kafin a gina wani abu a kansa. To ina ga mai binciken hatsi a tashar Tarna ta INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar? Damina ɗaya gare shi a shekara. Wanda ya karanta maƙalarsa ya so ya gwada a Damagaram ko Tawa, sai ya jira ruwa, ya shuka, ya girbe, ya maimaita baɗi don kada a ce sa'ar shekara ce, sannan ya rubuta, sannan ya jira mujalla. Kafin ambatonsa ya fito an daɗe da rufe littafin ƙirga. Gwada lambar mujallar noma da ta likitanci kamar gwada farashin tiyar hatsi da na tiyar sukari ne a ce ɗaya ya fi ɗaya amfani.

Kuma waɗanda suka fi cin moriyar irin wannan bincike ba sa rubuta maƙala. Buhun nan mai ruɓi uku na ajiye wake ba tare da magani ba, wanda ake kira PICS, masu bincike na INRAN a nan Maraɗi sun yi aikinsa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. Matar da ta ɗaure wakenta a ciki bayan kaka ta buɗe da bazara ta tarar ƙwaro bai taɓa shi ba, ba ta da inda za ta ambaci kowa. Sassabin zamani ma haka. Tun farkon shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, yake aiki a wannan yanki, manoma suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi, abin ya bazu daga gona zuwa gona. Sai da aka yi shekara ashirin kafin hotunan tauraron ɗan'adam su nuna wa duniya cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. A duk tsawon lokacin nan tasirin yana tsaye a gona, kowa yana shan inuwarsa.

Akwai kuma maganar wa aka bari ya shiga ƙirgar tun farko. Mafi yawan mujallun da ke rumbun Clarivate da Turancin Ingilishi suke fita, daga Turai da Amurka. Mujallun jami'o'inmu da ke fita da Faransanci, galibinsu ba sa ciki, don haka ba su da lamba ko kaɗan, kuma ambaton da suke yi wa juna ba ya shiga lissafi. Rumbun AJOL, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, amma kaɗan daga cikinsu ne ke da wannan lamba. Rashin lamba a nan yana nufin ba a auna ba, shi ke nan.

Duk ma'aunin da aka ɗora wa abinci, za a samu mai bugun gindin tiya. Wasu editoci sukan ce wa marubuci ya ƙara ambaton mujallarsu kafin su karɓi aikinsa. Wasu mujallu sukan haɗa baki, ka ambace ni in ambace ka, har Clarivate kan dakatar da wasu daga rahotonta kusan kowace shekara. A cikin lissafin ma akwai kafa: sharhin edita da wasiƙun masu karatu ba sa shiga cikin adadin da ake rabawa da shi, amma in an ambace su ana ƙirgawa. Mafi muni su ne mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da wani masani ya duba ba, sannan su sayi lamba daga wani shafin intanet mai suna kama da na gaske.

Masana sun yi ta kuka. A watan Disamba na 2012 wasu editoci da masu bincike suka haɗu a San Faransisko suka rubuta sanarwar da ake kira DORA, wadda babban saƙonta shi ne kada a yi amfani da lambar mujalla wajen ɗaukar mutum aiki, ko ƙara masa girma, ko ba shi kuɗin bincike. An kuma ƙirƙiro wasu ma'aunai. Kamfanin Elsevier yana da CiteScore, daga rumbunsa na Scopus, mai duba shekara huɗu. Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h a 2005 don auna mutum ɗaya: wanda ke da h na 10 yana da maƙala 10 da kowacce aka ambata aƙalla sau 10. Shi ma yana fifita dattijo a kan yaro, ko da yaron ya fi shi kaifi.

Ban ce wa ɗan yayata ya yi watsi da lambar ba, don ba ni zan zauna a kwamiti ba. Takardunsa CAMES za su je, hukumar nan da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance malaman jami'o'in ƙasashenmu, kuma masu dubawa suna lura da irin mujallar da aiki ya fito a ciki. Ina ma tausaya musu: takardu tuli guda, lokaci kaɗan, lamba kuwa ta fi saurin karantuwa a kan maƙala mai shafi ashirin. Lambar gaske tana nuna cewa mujallar ta tsallake wata tantancewa kuma ƴan fanninta suna karanta ta. Ba ƙaramin abu ba ne, amma iyakarta ke nan.

Na ce masa ya buɗe jerin mujallu na Clarivate, wanda kowa ke iya dubawa kyauta, ya rubuta lambar shaidar mujallar, wato ISSN. Ba ta fito ba. Ya gwada a jerin Scopus, nan ma babu. Na kuma nuna masa wani abu: tun 2023 Clarivate lamba ɗaya tak take sawa bayan ɗigo, ta daina sa uku, su kuwa masu 7.842 da alama labari bai kai musu ba.

Ya yi shiru yana kallon wayar. "Kawu, kwana biyar fa suka ce. Waccan da na aika wa bara sai da ta yi wata bakwai, kuma suka dawo mini da ita da gyara shafi uku."

"Gyaran ya yi amfani?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ɗaya daga cikin masu dubawar ya gano ya haɗa sakamakon gonakin jigawa da na fadama a jadawali guda, da ya raba su sai maganar ta canza gaba ɗaya. Ya mayar da wayar aljihu, ya karɓi kofinsa na shayi na uku.