Hanyar karɓar kuɗi ta intanet: haya ko ginin kai

Hanyar karɓar kuɗi ita ce tsarin da ke ɗauko kuɗi daga asusun mai saye ya zuba su a na mai sayarwa, ta waya ko ta katin banki. Ɗan kasuwar da ya buɗe shago a intanet, ko dai ya jona manhajarsa da ta kamfanin da ya riga ya ƙware a harkar, ko kuwa ya gina tasa tun daga tushe.

A Damagaram jonawar ta fi yawa. Baduku a unguwar Birni ko mai atamfa a kasuwar Dole yakan karɓi kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza. Kamfanin ne ke ɗauke da lasisi da tsaro, yana cire ladansa a kowane ciniki. Sai dai gidan haya ne. Mai gida zai iya ƙara farashi, kuma ranar da layinsa ya tsaya, mai saye na tsaye da waya a hannu, kaya a ƙulle cikin leda, ana jiran saƙon shaida da bai iso ba.

Ginin kai kuwa, rubuta manhajar ne mafi sauƙi a cikinsa. Nijar na cikin ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, kuma babban bankinsu, BCEAO, mai hedikwata a Dakar, shi ke ba da izini. Umarninsa na 2015 ya wajabta wa kamfanin da ba banki ba, in yana son samar da kuɗin lantarki, wato irin kuɗin da ake ajiyewa a asusun waya, ya ajiye jarin aƙalla sefa miliyan 300, ya kuma ware kuɗin jama'a daga nasa. Mai son karɓar katin Visa ko Mastercard yana da ƙa'idar tsaron bayanan kati ta PCI DSS a gabansa, wadda ta fito a 2004. Ga tantance masu asusu, ga fama da ƴan damfara dare da rana. Ƙaramin shago ba zai iya wannan ɗawainiya ba, kuma kuɗin mutane amana ne, ba abin koyon hannu ba.

Akwai wani abu da bai kamata a bar wa kamfani ba: littafin lissafi. Ciniki a nan yana haɗa sefa da naira, saboda hulɗar yau da kullum da Kano ta hanyar Matamaye da Magarya. A baki ma da dala ake ƙirga, tamma biyar ke nan, har jika guda ta zama dala 200, alhali allon waya 1000 yake nunawa. Shi ya sa masu rubuta manhaja kan ajiye lissafin shago a hannunsu, su jona shi da kamfani biyu ko uku, in ɗaya ya tsaya a bi ta ɗayan.

Game da haɗa kamfanoni kuwa, a 2025 BCEAO ta ƙaddamar da PI-SPI, dandalin da ke haɗa bankuna da asusun waya don tura kuɗi nan take tsakanin cibiyoyin da suka shiga cikinsa.