Ba Sanyin Sararin Samaniya Ke Hana Injin Jirgi Narkewa Ba

An daɗe ana zaton cewa sanyin da ke can sama ne yake kare injin jirgin sama daga narkewa. Ba haka abin yake ba, domin injin ya fi ɗaukar zafi lokacin tashi, tun jirgin yana ƙasa.

Iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai takan haura digiri 1,500 a ma'aunin Selsiyus, alhali gamin ƙarfen nikel da ake ƙera ƙananan fukafukan da take juyawa a cikin injin da shi yana narkewa kafin a kai nan. Abin da ke cetonsu iska ce da ake ɗebowa daga kwamfuresa (ɓangaren injin da ke matse iska kafin ta shiga ɗakin ƙona mai), wadda ita kanta zafinta yakan kai digiri 600. Tana ratsa hanyoyin da ke cikin kowane fiffike, sannan ta fito ta ƙananan huji kamar kafar allura, ta lulluɓe ƙarfen yadda wuta ba za ta lashe shi kai tsaye ba. Akwai kuma siririn shafen yumɓu na musamman a kansa.

Shi ya sa ƙura da tokar dutse mai aman wuta suke da matuƙar haɗari: da zarar hujin nan sun toshe, fiffiken yakan soma ƙonewa.