Banso: injin zarton yankan ƙarfe na ƙaramin shago

Banso inji ne na yankan ƙarfe wanda ruwan zartonsa ɗamara ce doguwa mai haƙora, an haɗe bakinta biyu da walda, tana zagaya ƙafafu biyu ba tsayawa. Ƙafa ɗaya motar lantarki ce ke juya ta, ɗayar kuma bi kawai take yi. Tun da haƙoran gefe guda suke bi kullum, yankan yana fita sumul, babu tartsatsi, ƙarfen kuma ba ya yin zafin da zai sauya launi. Abin da zarton ke ci bai fi milimita 1 da kaɗan ba, alhali faifan giranda na yankan ƙarfe yana cin kusan milimita 3. Masu walda da ke haɗa ƙofofi, ƙarafunan taga da tebura su ne suka fi cin moriyarsa, sai kuma mai ɗan shago a cikin gida wanda ba ya son ƙarar giranda ta haɗa shi da maƙwabta.

Asalinsa

Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, shi ya yi rajistar dabarar a 1809, amma ta daɗe ba ta yi amfani ba domin mahaɗar ɗamarar tsinkewa take yi. Sai a 1846 wata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗin da ke jure lanƙwasa. Ƙananan injuna masu araha da ake gani yau yawancinsu daga Taiwan da Sin suke fitowa, kusan zubi ɗaya, fenti da suna ne kawai suka bambanta.

Samfurin 4 da 6

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne ake kira 4 da 6, domin yana yanka ƙarfe mai kusurwa huɗu har inci 4 a inci 6, mai da'ira kuma kusan milimita 115. Tsawon ɗamararsa inci 64 da rabi ne, wato kusan milimita 1,640, faɗinta milimita 13, kaurinta kusan 0.65. Gudunsa hawa uku ne, ana sauya shi da matsar da bel daga wannan kwarin puli zuwa wancan: a wutar Najeriya mai has 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yana ba da kusan mita 20, 30 da 50 a minti. Yana aiki a kwance, hannun zarton na sauka da nauyin kansa, in ya gama yanka wani ɗan ƙarfe ya taɓa makunni ya kashe shi. Ana kuma iya miƙar da shi a tsaye a ɗaura masa ɗan teburi don yanke faranti.

Gangar jikinsa, wadda zubin ƙarfe ce, tana da kyau daidai kuɗinta. Inda masana'anta ke rage kuɗi shi ne ƙafafun tsayawa na gwangwani mai rawa, da mota, da zarton da aka ɗauro, da kuma saiti, wanda kusan ba a yin sa. Saboda haka sabon banso mai araha injin da ba a ƙarasa ba ne, mai shi ne zai ƙarasa shi.

Saye a Legas

Ana samun sabo a wajen masu sayar da kayan aiki a Tsibirin Legas da kasuwar Trade Fair da ke hanyar Badagry, na hannu kuma a wurare irin su Owode Onirin kusa da Mile 12, inda harkar ƙarfe take. Farashi yana bin dala, ba ya zama wuri ɗaya. Kafin ciniki a fara duba farantin da ke jikin motar. Wutar Najeriya bolt 230 ce, has 50. Tokunbo daga Amurka sau da yawa na bolt 110 ne, has 60: sai an haɗa shi da taransifoma, kuma zai yi gudu kashi biyar cikin shida na yadda aka ƙera shi, ga saurin zafi. Irin wannan arahar ba ta da riba.

Sannan a kama hannun zarton a girgiza shi hagu da dama. Idan akwai wasa a sandar da yake lilo a kanta, yanka ba zai taɓa miƙewa ba, kuma gyaransa sai an kai ga mai injin juyi. A juya ƙafafun da hannu a ga ko suna lanƙwasa, a duba tsagewa a zubin, a kunna a saurari akwatin giya. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa shi ne tambayar inda za a riƙa samun zarto mai wannan tsawon. Wasu masu sayarwa suna yanke ɗamara daga nannaɗe su haɗa ta a gaban mai saye. A shafa mahaɗar da yatsa, in akwai tudu za ta riƙa buga boris ɗin jagororin da ke riƙe ɗamarar tana ƙwanƙwasa a kowane zagaye.

Zaɓen zarto

Nan ne asirin aikin yake. Zarton da ke zuwa da injin na baƙin ƙarfe ne kawai, ba ya daɗewa. A saya mai ƙarfe biyu, wanda aka rubuta M42 a jikin kwalinsa: bakin haƙoransa ƙarfe ne mai tauri da aka gauraya da kobal kashi 8 cikin ɗari, bayansa kuma mai lanƙwasa ne. Ya fi tsada, amma yana cinye na banza da yawa kafin ya dakushe.

Ana ƙirga haƙora a kowane inci. Ƙa'idar ita ce haƙora uku aƙalla su kasance cikin ƙarfen a lokaci guda, kada kuma su wuce 24. Zarto mai haƙora 14 tazararsa milimita 1.8 ce, don haka yana son kaurin da ya kai milimita 5 zuwa 6. Idan aka sa shi a bututun ƙarfe mai kaurin milimita 1.5, irin wanda ake ƙofa da shi, bakin bututun zai faɗa tsakanin haƙora biyu ya kakkarye su a jere. A irin wannan ana son 18 ko 24, a kuma rage nauyin sauka. Dunƙulen ƙarfe mai milimita 50 kuwa akasin haka ne: ƙananan haƙora suna cikewa da gari, zarton ya koma gugar ƙarfen yana zafi. Shi sai mai 6/10, wato mai haɗin manya da ƙananan haƙora, daga 6 zuwa 10 a inci. Ga shagon da ke yanka angul da fale-falen ƙarfe, mai haɗin haƙora 10/14 ya fi wadatarwa, kuma rashin daidaiton tazararsa yana rage kaɗawa.

Sabon zarto ana lallaɓa shi. A yanka ƙarfe mai laushi da rabin nauyin da aka saba na kusan minti goma, don kaifin bakin ya zauna ba tare da ya gutsure ba.

Saiti kafin aiki

A cire fulogi, a buɗe akwatin giya. A cikinsa akwai giya mai kama da sukuru ta ƙarfe da ke juya wata ta tagulla, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da ɓurɓushin yashin zubi cikin man da aka zuba a masana'anta. A wanke da kananzir, a zuba man giya mai kauri, lamba 90 ko 140, wanda aka rubuta cewa ba ya cin tagulla. Wannan aikin rabin awa yana ƙara wa giyar shekaru.

A ɗaura zarto haƙoransa na fuskantar wajen mota. In sun juya baya, a birkice ɗamarar ciki ya koma waje. A ɗaure ta da ƙarfi sosai, domin a wannan ƙaramin injin sakin ɗauri ya fi yawan ɗauri faruwa nesa ba kusa ba. Bayan ɗamarar ya taɓa leɓen ƙafa a hankali, ba gogawa ba. Boris na gefe su kama ta ba rata, amma har yanzu yatsa ya iya juya su. A sa sikwaya tsakanin zarto da muƙamuƙin mamatsi, sannan tsakanin zarto da gadon injin. Gwajin gaskiya shi ne a yanko siririn yanki daga bututu mai kusurwa huɗu na milimita 50 a auna kaurinsa a kowane gefe. In bambancin bai kai rabin milimita ba, saiti ya yi.

Yayin yanka

Ƙarfe mai laushi gudu na tsakiya, alminiyam na sama, ƙarfe mara tsatsa na ƙasa, kuma shi ba a barin zarto ya tsaya yana goga a kansa, domin nan take wurin ke taurarewa. Sifirin da ke gefe shi ke rage nauyin hannu: ƙara ɗaure shi yana sassauta sauka. Garin ƙarfe shi ke faɗin gaskiya. In ya fito a nannaɗe yana walƙiya, komai daidai. In ya zama ƙura, nauyi ya yi kaɗan ko zarto ya mutu. In ya yi shuɗi, gudu ko nauyi ya yi yawa.

Angul ana kifa shi, ƙashin bayansa a sama. Guntun ƙarfe kuwa a sa wani mai faɗi ɗaya da shi a ɗaya gefen mamatsi, in ba haka ba muƙamuƙi zai karkace ya sake shi. Sifirin motar hawa da shaf da aka gasa ya yi tauri ba abincin wannan injin ba ne. In magagari ya zame a kan ƙarfe bai ci ba, kada a sa wa zarto. Rodin gini ma yana da wurare masu tauri da ke kashe haƙora. A sa tabarau, a guji safar hannu da hannun riga mai faɗi kusa da zarto mai gudu.

Matsaloli

Yanka mai karkata yawanci daga zarto yake: gefe ɗaya ya dakushe, ko ɗauri ya saki, ko an bar jagororin nesa da ƙarfen. A sauya zarto kafin a taɓa saiti. Ɗamara mai faɗowa alama ce ta ƙafar bi ta karkace ko mai ya shafi ƙafafun. Ƙonewar mota kuwa daga barin inji shi kaɗai take zuwa: zarto ya maƙale, motar ta tsaya tana gurnani, yawancinsu kuma ba su da abin katse wuta in sun yi zafi. Raunin wuta yana ƙara wannan haɗarin. Motar tana jan wuta ninki biyar ko fiye lokacin tashi, don haka ƙaramin janareton nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauke ta ba. A nemi mai kVA 2.5 zuwa sama, a kuma haɗa wayar ƙasa.

Danshin Legas, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba da kuma unguwannin bakin ruwa, yana sa gadon injin tsatsa cikin kwanaki. A share gari da buroshi bayan aiki, a shafa mai kaɗan a gado da sukurun mamatsi, a rufe da yadi maimakon leda mai tara gumi. In injin zai kwana biyu ba aiki, a sassauta ɗaurin zarton.