Toshe ƙofa don sanyi ya zauna a ɗaki: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da zafin Afrilu ya kama, Maradi ta wuce digiri 40, wayata ba ta huta ba, kowa maganarshi guda: ƙofar falo ko shago ba ta da ƙyaure, ya sa kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, sanyi ya ƙi zama. To ga amsa wuri ɗaya, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Labule yana tare sanyi kuwa?

Yana tarewa. Bai kai ƙyaure ba amma ya fi babu.

Na sa rido, har yanzu ɗakin bai yi sanyi ba.

Je ka dubi ƙasan shi, na san a ƙwauri ya tsaya. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, ƙasa take bi ta sulale waje kamar ruwan da aka zubar a daɓe, zafi kuma ya shigo ta sama ya maye gurbinta. Tsaya bakin ƙofar ba takalmi, za ka ji kuɗin kuran ɗinka, wato na wutar lantarki, na wucewa ta ƙafarka. Ya sauka har ƙasa, ya zarce faɗin ƙofar da taƙi guda kowane gefe, tela ya sa mishi wani abu mai nauyi cikin kalmasa don kar iska ta riƙa ɗaga shi.

Wane irin yadi?

Mai kauri. Tsohon bargo ma ya yi. Leshi dai ado ne, Hajiya, kar ki ɓata kuɗinki.

Asabari fa?

Inuwa yake badawa, iska ta cikin shi take bi. Ba na kilim ba ne.

Shago gare ni, mutane na shiga suna fita.

Nemi ledar nan mai kauri da ake yankawa tsilli-tsilli a tsaye, irin ta ɗakin sanyin masu kifi. Wadda aka fi samu faɗinta santimita 20, kauri milimita 2, a jera su kowace ta hau gefen 'yar uwarta. Mai saye ya ratsa ta rufe da kanta.

Wai in na jiƙa labulen da ruwa ya fi sanyi? Kuma na'urar nan mai ruwa gare ni, ba kilim ba.

Yauwa, wannan ce tambayar da ke da aiki, kuma amsarta ta dangana da wata da kuma na'ura. Jiƙa labule ko buhun algarara dabarar randa ce, ruwa na bushewa yana tafiya da zafi, to daga Maris zuwa Mayu da iskarmu take a bushe ƙayau yana aiki sosai, amma sai in iska na ratsa shi, kenan bargo bai yi ba, sai yadi sakwa-sakwa, kuma cikin wannan rana nan da nan zai bushe sai ka sa yaro ya yi ta yayyafawa. Damina na sauka labari ya canza, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai dai ka tara gumi da warin ruma. In kilim ne a ɗakin ni ba zan ce ka jiƙa ba, don shi aikinshi har da tsotse laima, kai kuma kana ƙara mishi, wahala kawai. Ita kuwa mai ruwan, wadda wasu ke ce ma imidifikata, nan ne mutane ke kuskure: ita ba a toshe mata ƙofa. Sai ta ja busasshiyar iska daga waje ta baya, mai laimar ta samu hanyar fita, in ka rufe ko'ina za ka ga ta fara da sanyi daga baya ɗaki ya yi dumu-dumu kamar bayan wanka. Ajiye ta bakin taga, ka ɗage labulen ƙofa ko rabi ne. Nawa za ka ɗage? Ya dangana da girman ɗakin, gwada ka ji a jikinka. In ka ga ɗakin ya yi dumu-dumu, na'urarka lafiyarta lau ƙanena, kwantar da hankalinka.

In sa kilim a 16 tunda ƙofar labule ce?

A'a. 24 ko 25. A 16 injin ba zai huta ba, kuma sanyin ta ƙasa zai gudu dai.

Na toshe ko'ina, zan iya sa turaren wuta?

Haba Hajiya. Garwashin gawayi cikin ɗakin da aka toshe yana fidda iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Turara ƙofa a buɗe, ki fitar da kaskon, sannan ki saki labule. Masu ajiye janareto a baranda daf da ƙofa, ku ma da ku nake.

In an ɗauke wuta fa?

Da rana bar labulen a sake, sauran sanyin ya ɗan jima. Da dare in waje ya fi ɗaki sanyi ɗage shi gaba ɗaya, ka ɗaura gidan sauro.