Ƙarancin jini na garkuwar jiki

Ƙarancin jini na garkuwar jiki ciwo ne da fararen ƙwayoyin jini ke juya wa jajayen ƙwayoyin mai jikin, su riƙa hallaka su kafin wa'adinsu. Lafiyayyar jar ƙwaya takan yi kusan kwana 120 tana zagayawa. A wannan ciwo kwananta kan gajarta, har ɓargo ya kasa mayar da gurbin waɗanda suka salwanta.

Yadda yake faruwa

Wasu fararen ƙwayoyi, dangin limfosayit B, ke ƙera sinadaran kariya da ke manne wa jar ƙwaya kamar shaidar da ake yi wa dabbar yanka. Idan jini ya ratsa saifa, manyan ƙwayoyin da ake kira makrofaj sai su gane shaidar. Wani lokaci su haɗiye ƙwayar ɗungurungum, wani lokaci su gutsuri fatarta kawai, ta dunƙule ta rasa laushinta, ta maƙale a saifa a zagaye na gaba. Akwai nau'in da sanyi ke tayarwa, shi kuwa yawancin ɓarnarsa a hanta take.

Tarihi

Wajajen 1900 masanin kimiyya Bajamushe Paul Ehrlich ya yi ra'ayin cewa jiki yana da hanyar kauce wa yaƙar kansa, kuma wannan ra'ayi ya daɗe yana rinjaye. A 1904 Julius Donath da Karl Landsteiner suka gano, a Biyana, babban birnin Ostiriya, sinadarin da ke fasa jajayen ƙwayoyin majiyyaci bayan ya sha sanyi. 'Yan shekaru bayan haka likitocin Faransa, cikinsu har da Fernand Widal, suka bayyana wani ciwon shawara da fashewar jajayen ƙwayoyi ke kawowa, wanda ba gadonsa ake yi ba. Sai a 1945 Robin Coombs da Arthur Mourant da Robert Race suka fito da gwajin da ke nuna sinadarin kariya da ya manne wa jar ƙwaya. Da shi ake aiki har yau.

A arewacin Kamaru da Cadi

A Garwa, Marwa da Injamena, idan idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, tafin hannunsa ya yi fari, alamun da wannan ciwo ma kan kawo, abin da ake fara zargi shi ne shawara, sikila ko zazzaɓin cizon sauro, domin su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Haɗarin shi ne mai wannan ciwo ya yi ta shan jiƙo ba a gwada jininsa ba. A zazzaɓin cizon sauro ma, saifa tana kwashe jajayen ƙwayoyi masu yawa da cutar ba ta shiga ba. Masana sun saɓa kan rawar da sinadaran kariya ke takawa a wannan.

Magani

A nau'in da ba sanyi ke tayarwa ba, ana farawa da firednisolon, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki. In ya faskara, a koma rituksimab, maganin da ke rage limfosayit B, ko a cire saifa.